Na'urarku Ta Kai Ni Ɗaurin Auren da Ba Namu Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfani, da injiniyoyinsa masu zana taswirar na'urar nuna hanya da ake liƙawa a gilashin mota.

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku baki ɗaya. Allah Ya sa aiki na tafiya daidai.

Sunana Idi Haruna, mutumin Gumel. Aikin jirgin ƙasa na yi a Kudu tun ina saurayi har na yi furfura, sannan na yi ritaya na dawo gida. Wanda ya ƙare rayuwarsa a kan layin dogo bai san ɓatan hanya ba, domin jirgi ba ya karkata sai inda ƙarfe ya karkata. Da na dawo na tarar ƙauyukan da na sani sun girma, wasu sun haifi wasu, hanyoyi sun sauya. Ganin haka ne 'yata Bilkisu ta aiko mini da na'urarku daga Abuja, ta ce, "Baba, ka daina tsayawa kana tambayar mutane a rana."

Kafin in kawo ƙorafi, zan faɗi gaskiya: na'urar nan ta yi mini rana. Lokacin da zan je Kano a duba mini ido, ita ta bi da mu lungu-lungu har ƙofar asibiti ba mu tambayi kowa ba. Idan na taka mota fiye da kima takan yi ƙara, abin da uwargidana ta shekara tana faɗa ban ji ba. Saboda haka wannan takarda ta masoyi ce, amma masoyin da aka kunyata a gaban jama'a. Ga abin da ya faru.

Na farko: gari biyu, suna ɗaya, ku kuwa ɗaya kuka sani.

Yayana ya rasu ya bar mini ɗansa Nura yana ƙarami. Ni na yi masa makaranta, ni na sama masa abin yi a Maigatari. Da ya ga yarinyar da yake so, Hadiza, 'yar wani gari da ake kira Rijiyar Tsamiya, lokacin ina kwance an yi mini aikin ido, don haka ƙanena Habu ne ya je neman aure a madadina. Ban taɓa taka garin ba, iyayen yarinya ba su taɓa ganina ba. Aka sa ɗaurin aure bayan an kwashe amfanin gona, ranar wata Asabar da hantsi, ni ne kuma wakilin ango.

Habu ya ce in zo mu tafi tare a motar haya da suka ɗauka daga Maigatari. Na ce su yi gaba, ina da mai kai ni. Na zuba goro da alewa a but ɗin mota, na ɗauki aminina Malam Hudu tela, wanda bai taɓa yarda da na'urar ba, Hajiya ma yake kiranta saboda muryar macen da ke ciki. Na rubuta Rijiyar Tsamiya, ta fito nan take, guda ɗaya tak. Ta ce mu nufi wajen Gagarawa, muka nufa.

Tafiya ta yi daɗi. Muka ratsa gonakin riɗi da zoɓo, muka sauka daga kwalta, can sai ga gari, ga tsamiya, ga rumfa an kafa a ƙofar masallaci, ga jama'a cikin manyan riguna. Na'ura ta sanar da cewa mun iso. Na dubi Malam Hudu na ce, "To, yau me za ka ce?" Ya ce, "Yau kam Hajiya ta yi ƙoƙari."

Ana jin cewa daga Gumel muke, aka taso aka karɓe mu hannu biyu, aka zaunar da ni a kan darduma kusa da liman. Ban ga Habu da mutanenmu ba, sai na ɗauka motarsu ce ta makara, har ina jin daɗi na riga su. Liman ya ce yana da wani ɗaurin auren a garin gaba, tunda wakilin ango ya iso a fara kawai. Aka shigo da goronmu aka ajiye a tsakiya. Na gyara zama, na yi gyaran murya, na ce muna nema wa ɗanmu Nura auren 'yarku Hadiza.

Waliyyin amarya, wani dattijo mai farin gemu, ya dube ni ya dubi liman, sannan ya ce a hankali, "Alhaji, mu dai Zainabu muke aurarwa, kuma Sale muka sani."

Ranka ya daɗe, na yi shekaru ina aiki a gaban manya, ban taɓa jin kunya kamar ta wannan lokaci ba. Ashe su ma baƙi suke jira daga Gumel. Wani daga baya ya fara dariya, sai ta kama rumfar gaba ɗaya, har liman ya sa hannun riga ya rufe baki. Shi ya yi mini bayani cewa akwai wata Rijiyar Tsamiyar can bayan Sule Tankarkar, kuma ba ni ne na farko da irin wannan na'ura ta sauke a ƙofarsu ba. Kafin ni an kawo musu taki da ba su saya ba, an kuma taɓa kawo musu masu ta'aziyya alhali kowa na garin lafiyarsa ƙalau.

Mutanen kirki ne. Suka mayar mini da goro but, suka ƙi barinmu mu tashi sai da muka sha fura. Muna fita ainihin 'yan ɗaurin auren suna shigowa.

Na biyu: ba duk layin da kuke hangowa daga sama ne hanyar mota ba.

Sai da muka dawo Gumel waya ta sami sabis. Na kira Habu, wanda ya hau wani tudu a bayan gari yana nemana tun ɗazu. Na fara cewa, "Habu, na je wani ɗaurin auren ne," sai layi ya yanke, bai kuma sake shiga ba. Iyakar abin da ya ji ke nan, iyakar abin da ya kai wa jama'a ke nan. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Liman ya faɗa mana sunan ƙauyen da ke maƙwabtaka da garin da muke nema. Wannan kam na'urarku ta san shi. Malam Hudu ya ce mu bi kwalta har Sule Tankarkar mu tambaya a tasha. Na'ura kuwa ta nuna wani layi da ya yanke ta daji, ta ce ya fi sauri. Rana ta take, hankalina a tashe, na bi ta.

Layin nan burtali ne, hanyar shanu. Da farko ƙasa da ɗan tauri, daga baya sai yashi. Mota ta fara nishi, ta yi gaba kaɗan, ta zauna daram har ciki. Na taka, tayoyi suka ƙara tona wa kansu rami. Duk wannan abu matar da ke cikin na'ura ba ta fasa ba, cikin natsuwa take maimaita cewa mu ci gaba, mu miƙe. Malam Hudu ya tuɓe babbar riga yana turi, yana cewa, "Hajiya, ki fito mu tura tare mana!"

Allah Ya kawo mana wani dattijon Bafulatani, Ardo Jaɓɓi, yana komawa ruga da amalanken shanu tare da 'yan'uwansa. Ya tsaya, muka gaisa, ya tambayi lafiyar gida da ta hanya kamar ba a cikin yashi ya same mu ba. Ya kwance bijimansa biyu, aka ɗaura igiya, suka fisgo motar kamar buhun ƙaiƙayi. Da ya ji inda za mu, ya ce ai shi ma an gayyace shi, amma ya ji an ce baffan ango ya ƙi zuwa. Ya bar amalanke a wurin 'yan'uwansa ya shiga gaban mota, yana nuna hanya da sandarsa ta taga. Na kashe na'ura.

Yanzu ga inda wasa ya ƙare. Mun isa bayan an idar da sallar azahar. Mahaifin Hadiza ya riga ya shige gida ransa a ɓace. A ganinsa, mutumin da bai zo neman aure ba, ranar ɗaurin aure kuma ya zaɓi zuwa na wasu, ai ya nuna ba ya son haɗin. Wasu daga danginsa har sun fara cewa a ɗaga, a sake tunani. Habu ya ce shi zai wakilta a gama, amma Nura ya ƙi. Aka ce mini ya tsaya a gaban manya, abin da bai taɓa yi ba, ya ce Baffa ne ya riƙe shi tun ba shi da wayo, ba za a ɗaura ba sai da bakinsa, ko da za a kai magariba.

Na fito daga mota rigata duk yashi, hula a karkace. Nura ya taho ya durƙusa a gabana, idonsa ya yi ja. Na nemi iso wurin mahaifin yarinya na ba shi labari tun daga farko. Yana saurare fuska a ɗaure, har na kai inda aka ce mini Zainabu ake aurarwa. Nan ya kasa riƙewa. Ya yi dariya har da tari, ya kira ƙannensa ya ce in sake faɗa musu. Ardo ya ba da shaidar yashi. Aka sake shimfiɗa tabarmi, aka ɗaura aure lafiya, wannan karon na faɗi sunaye aka amsa da "mun ba ku."

Mun yi dariya, amma ku sani da Nura bai dage ba, ko kuwa da Ardo bai biyo burtalin nan ba, da gida biyu sun ɓata a kan abin da ba laifin kowa a cikinsu ba.

Na uku, a taƙaice: harshe. Matar nan Turanci kawai take ji, sunayen garuruwanmu kuwa sai ta tauna su ta zubar. Gagarawa a bakinta kamar mai kurkure baki, Sule Tankarkar kuwa takan fara ta kasa ƙarasawa. Direban da bai gane abin da ta ce ba dole ya ɗauke ido daga hanya ya leƙa allo, a titin da babura da awaki ke fitowa ba sallama. Ni da aka yi wa aikin ido na san haɗarin wannan.

Na huɗu: ba ta san ranar kasuwa ba. Ranar Alhamis ta taɓa cusa ni tsakiyar kasuwar dabbobi ta Maigatari, raƙumi a dama, tirela a hagu, sai da dillalai suka buɗa mini hanya suna yi mini tsiya. Da na fita kuma ta ci gaba da cewa in miƙe, ba ta ko ambata cewa gabana iyakar Nijar ce ba.

Buƙatuna, ranka ya daɗe, ba su da yawa. Ku sa Rijiyar Tsamiya ta wajen Sule Tankarkar a taswira, kuma duk inda suna ya zo ɗaya na'ura ta tambayi direba wanne yake nufi. Kada ku cire ta wajen Gagarawa; mutanenta sun ce ba su ƙi baƙi ba, a dai riƙa turo waɗanda suka nufo su. Ku turo ma'aikatanku su taka ƙasar nan da ƙafa, su zauna da direbobin tasha da masu unguwanni da ardo-ardo, a raba hanyar mota da burtali, a kuma san wadda ke mutuwa da damina. Ku sa wa na'urar muryar Hausa. Idan kun rasa mai yi, Malam Hudu ya ce a shirye yake, sai dai ban ba ku shawarar ku ɗauke shi ba, don faɗa zai riƙa yi wa direbobi.

Ina kuma roƙon a hanzarta. Hadiza ta koma gidan iyayenta goyon ciki, haihuwa yau ko gobe, kuma an riga an gaya mini ni zan raɗa wa jaririn suna. Mutanen wajen Gagarawa sun yafe mini neman auren 'yarsu da na yi ba da saninsu ba. Ban tabbata za su yafe ba idan na zo na sa wa ɗansu suna.

Allah Ya ƙara wa kamfaninku albarka, Ya ba injiniyoyinku basira da haƙuri, Ya tsare ku a hanyoyinku, Ya sauke kowannenku a ƙofar da ya nufa.

Wassalam.

Naku,
Idi Haruna,
tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, Gumel.