Likkafanin Inna na saka wa fatalwa

Assalamu alaikum masu wannan shafi. A ɓoye sunana. Wanda zai zage ni ya dakata tukuna ya karanta har ƙarshe.

Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Na yi Libiya, na yi gidan kaso a can, na dawo Damagaram da raina. Yanzu ina tare da wasu samari masu fim ɗin ban tsoro da waya. Ni ke haɗa jini da zoɓo da ƙaro, rauni da kwaɓin fulawa, hayaƙi da ɗanyen ganye a kan garwashi. Ba wanda ya taɓa jin ciwo a hannuna.

Watan jiya za mu ɗauki fitowar fatalwa a duwatsun hanyar Tirmini, ba mu da farin yadi. Mahaifiyata, Inna, tana da likkafani a akwatinta. Marigayi yayanta ya kawo mata daga Makka, an jiƙa shi da zamzam. Na ɗauka, na ce kafin la'asar zan mayar. A wajen ɗauka mai shirin ya ce farin ya yi fari da yawa, in zuba jini. Me ya hana ni in ce a'a? Ban sani ba. Na zuba. Kowa ya yaba.

Na wanke da sabulu, na jiƙa, na sake wankewa. Zoɓon bai fita ba. Na sayo alawayyo a kasuwa na ninke mata a akwatin.

Yanzu tana kwance, likita ya ce mu koma gida da ita. Idonta ya yi rauni. Shekaranjiya ta ce in ɗauko mata kayan tafiyarta. Na miƙa mata na kasuwar. Ta shafa, ta kai fuskarta, ta ce, “Ka ji, ɗan nan, har yanzu da ƙamshin can.”

Na ce, “E, Inna.”

Ban yi kuka ba. Ban ji komai ba, kuma wannan ne ya fi ba ni kunya.

Na gaskiyar yana ƙarƙashin katifata, da tabo ja a ƙirji. In na faɗa mata, da wannan za ta tafi a zuciya. In na yi shiru, ranar da mata masu wanka suka miƙo hannu, wanne zan ba su, mai tsabtar ko nata?

Me zan yi?