Kwalekwalen da Aka Hana Baba Taɓawa

Zuwa ga Yayana, Mai Robobi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da kasuwa. Na ba direban da ke ɗauko maka kaya wannan takarda ne saboda waya ba ta da sirri a gidan nan. Ko raɗa na yi, sai Baba ya ce, "Da wa kike magana?"

Yaya, Baba ba ya jin daɗi, kuma ba ciwo ba ne. Tun da tsohon kwalekwalensa ya ruɓe bai sake leƙa bakin tafki ba. Yana nan zaune a ƙarƙashin rumfa daga safe har yamma, yana faɗa da kaji. Abinci ma sai an yi da gaske. Jiya na gan shi yana tattara ƙugiyoyinsa a jaka, yana tambayar wa zai ba. Mama kuma ta rantse ba zai ƙara shiga ruwa shi kaɗai da wannan gwiwar tasa ba.

An ce ana sayar da ƙananan kwalekwale na roba a wajenku. Kai ka san roba. Don Allah ka zaɓo masa wanda zai tashe shi daga kujerar nan.

Ka gaida Anti da yara.
Ƙanwarka, Auta.

*

Auta, 'yar lelen Mama,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, kasuwa kuma da godiya. Kin kawo kuka inda ya dace. Ni da na tsufa ina ƙwanƙwasa bokiti, da yatsa ɗaya nake gane robar da za ta daɗe da wadda rana za ta fasa kafin a kai ta gida.

Na je shagon wani abokina da ke sayar da kayan ruwa. Ga su nan a jingine da bango, iri-iri. Akwai wani ja, dogo, siriri, mai rami a tsakiya inda mutum zai zura ƙafafunsa. Kyau kamar ango, gudu kamar an koro shi. Amma in ka yi atishawa a cikinsa, sai dai ka tsinci kanka kana gaisawa da kifi. Akwai kuma wani mai faɗi, ruwan toka, wanda a samansa ake zama. Kujera biyu gare shi masu majingina, da wurin kafa sandar fatsa, da gurbin ajiye kwando a baya. Muni kuwa ba a magana, sai ka ce bahon wanki. Na hau na yi ta rawa a kansa, ko gezau. Wannan shi ne na Baba.

Sai dai kin san mahaifinki. In na aiko na ce "Baba, ga naka," cewa zai yi, "Na yi maka kama da mai wanki?" Irinsa ina ganinsu kullum a rumfata. Ka baje musu kaya su yi ta yatsina fuska, amma da sun hango wanda ka ɓoye ƙarƙashin tebur ka ce na wani ne, shi ke nan, sai shi.

To ga yadda za mu yi. Duka biyun za su zo, abokina ya yarda a maido wanda ba a so. Jan, ki ce kyauta ce daga gare ni. Ba zai shiga ba, gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa ta shiga wannan ramin. Mai faɗin kuwa, ki ce ajiyar wani mai sayen kayana ce, kada kowa ya taɓa, musamman Baba. Ki kifa shi daidai inda zai riƙa ganinsa daga kujerarsa. Na haɗa da rigunan hana nutsewa guda biyu. Kada ki gaya wa Mama, fuskarta ba ta riƙe magana.

Ki zuba ido ki ga aikin ɗan kasuwa.
Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaishe ka, amma a taƙaice, don raina a ɓace yake. Baba ya shiga jan.

Da aka sauke shi sai na ce, "Baba, anya gwiwarka za ta shiga nan kuwa?" Ashe na ɓata komai. Washegari da safe ya sa maƙwabta suka ɗauka masa har bakin ruwa. Da ƙyar Mama ta sa masa rigar hana nutsewar nan. Abokinsa wanzami ya rufe shago ya biyo shi, mai shayi ma ya bar tukunya a wuta.

Ya cusa kansa cikin ramin yana cije leɓe. Ya ja filafili dama, ya ja hagu, abin ya tafi sumul. Sai ya waiwayo don ya ɗaga wa wanzami hannu. Yaya, ƙafafunsa kawai muka gani. Allah ya taimaka ruwan iya ƙugu ne, aka ciro shi lafiya, amma hularsa ta yi gaba. Wanzami ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

Tun da ya dawo bai fito rumfa ba, ko kajin ma ya daina kula su. Ya miƙo min jakar ƙugiyoyin ya ce, "Kai wa wanzami. Ruwa ya sallame ni." Na ɓoye ta ƙarƙashin gadona. Bahonka kuma ko kallo bai ishe shi ba.

Ga aikin ɗan kasuwa nan, na gani. Yanzu sai yaya?
Auta.

*

Auta, ƙanwata ta kaina,

Ina gaishe ki, ki kuma duba min jikin Baba. Na yi dariya da na karanta, sannan na yi istigfari, sannan na kasa cin abinci. Allah ya tsare gaba.

Amma kada ki karaya, ciniki bai mutu ba. In mai saye ya juya baya zai tafi, ba a bin sa da roƙo. Kayan ake fara naɗewa a gabansa, a ce mai shi ya aiko.

Ki tsaya kusa da tagar ɗakinsa, ki gaya wa Mama da ƙarfi, ba shi ba. Ki ce direba zai zo ya ɗauke mai faɗin. Ki ce mai shi dattijo ne, ya so a samu gwani ya gwada masa kafin a kai, don an ce irin wannan ba kowa ke iya juya shi ba. Sai ki ƙara da cewa, "Yaya ya ce masa gwani ɗaya ya sani, mahaifinsa, amma ya daina." Ki ja "ya daina" ɗin sosai. Daga nan ki kama bakinki, ko me ya faru kada ki ambaci gwiwa.

Ina jiran amsa, zuciyata a hannu.
Yayanki.

*

Yaya Mai Robobi, ranka ya daɗe!

Gaisuwa da jinjina. Ban rufe baki ba sai muka ji murya daga ɗaki: "Wa ya daina?"

Ya fito ya zagaya kwalekwalen, ya taɓa shi da ƙafa, ya ce, "Wannan ai baho ne." Ya sake zagayawa. Ya ce zai gwada don kada a ce ɗansa ya yi ƙarya. Mama ta ce, "Ba kai kaɗai ba, Malam." Ya ce, "To wa zai bi ni, kaji?" Na ruga na ɗauko masa jakar ƙugiyoyinsa, ita kuma ta ɗauki ɗaya rigar ta ɗora a kan zanenta. Mama fa, wadda tun aurensu ba ta taɓa sa ƙafa a jirgi ba!

Ta zauna a gaba da lemarta tana ba da umarni. "Yi dama." "Ke kike tuƙin ko ni?" Har suka yi nisa muna jin su. Da rana suka dawo da tarwaɗa ƙatuwa, suna musun wanda ya kama. Da aka dafa, ya cinye rabonsa ya sa hannu a kwanona. Kullum yanzu sai sun fita, wai bai gama gwaji ba. Da direba ya shigo ɗazu karɓar amsar takardarka, Baba ya tare gaban kwalekwalen da filafili a hannu.

Af, Mama ta ce in gaya maka tun ranar farko ta gane. Wai haka take yi maka kana yaro in ka ƙi cin abinci, sai ta ce na ɗan maƙwabta ne, kada ka taɓa. Ta ce a wurinta ka koyi kasuwa.

Baba ya ba ni tasa takardar in haɗa.
Autarku.

*

Zuwa ga ɗana,

Bayan gaisuwa. Na gwada bahon. Lahaninsa da yawa, bai dace da dattijo ba. Ka ba mutumin naka haƙuri, in akwai shi. Zan riƙe abin a nan don kada ya cutar da kowa.

Jan kuma ba zai koma ba, na ajiye maka shi tunda kai ka zaɓo. Ka zo ranar hutu ka shiga mu gani. Wanzami ya ce a sanar da shi da wuri.

Ka taho min da hula. Tawa tana wurin kifi.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifinka.