Koci Ya Ce Sa'a Ce

Yaya Boaz,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata Mama da su Milka suna lafiya a Kagoro.

Ni ma lafiya, kafaɗa ce kawai ke ɗan damuna, kada Mama ta ji. A ƙungiyar ƙwallon Amurka ta makarantarmu ni ne mai jefa wa 'yan wasanmu ƙwallo, kowane laifi a kaina yake sauka. Ranar Asabar ana cin mu, 'yan kallo suna ta ihu a cire ni. Dab da tashi na yi jifa biyu masu kyau, muka yi nasara. Koci ya ce sa'a ce, zai gwada wani.

Na ce masa, "Gwada, amma gobe za ka same ni a fili."

Ka ce in bar wasan nan. Yaya, ba zan bari ba. Ku dai sa ni a addu'a.

Ƙaninka,
Justin