Wandon Zuwa Kotu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya ƙarin haƙuri? Mama tana gaishe ka.

Yau shekara uku da wata biyar kana tsare a kan motar da aka kawo maka gyara, ashe ta sata ce, kuma ko inuwar alƙali ba ka gani ba. Takardar koke shida na kai ofishin babban alƙali. Shida, Yaya! Kullum magatakarda sai ya ce, "Baiwar Allah, ba mu ga takardarki ba."

Jiya na zauna a matakala ina kuka, sai wata mai buga takardu ta ce, "Ke, ina kwafinki mai hatimi?" Ashe biyu ake kaiwa, su riƙe ɗaya, su buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata su ba ka. Ni tela guda, da ba na karɓar yadi sai na rubuta sunan mai shi da alli, na yi ta miƙa takarda hannu rabbana! Wallahi haushin kaina nake ji. Litinin zan koma.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, a gaishe min da Mama sosai.

Na gode, amma ki haƙura haka nan. An ce fayil ɗina ya ɓata. Tsohon da muke shimfiɗa kusa da juna shekararsa tara yana jiran shari'a. Ki buɗe shagonki ki riƙe Mama, kada bakin nan naki ya jawo miki. Allah yana gani.

Yayanki

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Wasiƙarka ta ɓata min rai, ba zan ɓoye maka ba. Allah yana gani, to ni ma ya ba ni ƙafa.

Na je. Magatakarda ya ce hatimin yana wurin wanda ya fita. Na ce ba komai, na zauna a bencinsu na fito da rigar da nake sa wa maɓalli. Kwana uku ina zuwa. A na ukun ya ce, "Wai ke ba ki da aikin yi ne?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ga shi ina yi. Doka ta ba ni damar kai kuka, kai kuma ta ba ka hatimi." Mutanen benci suka kwashe da dariya. Ya jawo aljihun tebur, ashe abin yana ciki tun farko, ya buga da ƙarfi kamar zai fasa teburin.

Da kwafin nan na je wurin lauyoyin da ke taimako kyauta. Bayan mako biyar, fayil ɗin da ya ɓata ya fito. Alhamis, sha huɗu ga wata, za a kai ka gaban alƙali. Ban ce za a sake ka ba, amma za ka tsaya ka yi magana da bakinka. Zan ɗinka maka sabon wando, awonka yana cikin littafina.

Taka mai bakin,
Auta

Auta,

Salama da godiya. Na karanta sau uku, na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Tsohon nan ya ce don Allah ki koya wa 'yarsa maganar hatimi, lambarta tana bayan takardar nan.

Kada ki yi aiki da awon littafinki. Zaren da na naɗe a cikin wasiƙar nan, shi ne ƙuguna yanzu. Kada ki bari Mama ta gani.

Sai Alhamis.
Yayanki