Janbaki a Ƙoƙon Ƙafa

Zuwa ga Maman yara,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yaran. Yaya ciwon bayan naki?

Na iso cibiyar sa ƙafar roba lafiya lau. Mu shida ne a ɗaki, duk tsofaffin sojoji, ƙafafun roba jingine a bango kamar bindigogi. Kin san wa na tarar? Kofur, dogon nan da na horar, wanda ya taɓa kawo miki gawayi a mota. Shi ma ƙasa da gwiwa aka yanke masa, ya ce da zarar ya samu ƙafa zai koma tuƙi.

Mai awon ƙafa wata mata ce mai yawan tambaya. Ita ke ƙera ƙoƙon da dungu ke shiga, kuma kowane taku sai ta tambaya ko akwai inda ke matsa ni. Na ce mata lafiya lau. Kofur ya faɗa mini nasa na cizonsa a gefe, na ce ya ƙara safa ya yi shiru, soja ba ya kai ƙarar takalminsa.

Mijinki,
Saje.

Maman yara,

Ina gaishe ki, ina fatan kowa lafiya. Ni kam ba zan ce lafiya ba, kin ji sabon abu daga bakina.

Dungun Kofur ya ruɓe. Sati uku yana cusa safa kan safa, yana ce wa mai awo komai daidai, sai da wari ya tona shi. Likita ya ce idan magani bai ci ba nan da kwana biyar, za a ƙara yankewa, sama da gwiwa. Ke ba ki san darajar gwiwa ba, mu mun sani. Da ita mutum zai taka birki.

Da mai awo ta tambaye shi dalilin ɓoyewa, bai ambaci sunana ba. Ya kalle ni dai, ita ma ta bi idonsa.

Washegari ta sa na cire ƙafata a gaban kowa. Ta ciro janbaki daga aljihu, irin naku na mata, ta shafa a duk inda fatar dunguna ta yi kanta. 'Yan ɗaki suka yi ta dariya, wai Saje zai je biki. Na sa ƙafa, na yi taku goma tsakanin ƙarafan koyon tafiya, na cire. Ta juyo mini cikin ƙoƙon, ja a wuri uku. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce kawai ita hannunta ba ya jin abin da nake ji, da bakina take aiki, kuma ƙoƙo biyu ta ƙera mini a kan “lafiya lau”.

Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Ki taya Kofur da addu'a.

Mijinki,
Saje.

Maman yara,

Gaisuwa da fatan alheri. Na samu saƙonki, na gode da ba ki ce kin faɗa mini ba.

An yanke gwiwar Kofur ranar Talata. Matarsa ta zo, har ƙasa ta gaishe ni, tana godiya wai ina kula da shi. Na rasa inda zan sa fuskata.

Jiya mai awo ta zo duba shi, ta tambaya ina ne ke masa ciwo. Ya juyo yana kallona, yadda yake yi a fareti idan yana jiran umarni. Mutum mai 'ya'ya huɗu fa, a kwance, na sa ya rasa gwiwa, har yanzu izinina yake jira. Sai na naɗe wando, na nuna mata nawa, na ce nan da nan da nan, kuma tun ƙafar farko da aka yi mini suke ci na. Na faɗa da ƙarfi yadda duk ɗakin zai ji. Babu wanda ya yi dariya. Can Kofur ya ɗora yatsa a cinyarsa ya fara lissafa mata nasa.

Ta kankare ƙoƙona a wuraren nan uku, aikin da bai kai awa ɗaya ba. Yau na zagaya ginin nan sau biyu ban tsaya ba. Kofur yana kallona ta taga.

Saura naki. Safofin babban yaronmu da suka yi ta ɓacewa har kika sallami mai wanki, ni na kwashe, ina cusawa a ƙoƙon ƙafata. Ki nemo mai wankin, ni zan ba shi haƙuri da bakina. Daɗewar da nake yi a banɗaki kuwa, ƙafar nake cirewa in huta. Shekara biyu kullum da yamma kina tambayata ko tana mini ciwo, ina haɗe miki rai. Ga amsarki, ko da ta makara. E, tana yi, kullum tana yi.

Ki gaida yaran. Ki ajiye mini tsohon janbakinki, an ce in riƙa dubawa da kaina.

Mijinki mai neman afuwarki,
Saje.