Na Cire Sunan Sabuwa Daga Takardar Bishop

Zuwa ga yayata Damaris,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, kuma ciwon gwiwar nan ya sake ki. Allah ya ƙara miki ƙarfi. Mu nan Bagudo muna nan da rai. Mama ta soma fita tsakar gida da sandarta, matata Rahila kuma ta samu ɗan abin da ruwa ya bari a gonar shinkafa, buhu uku inda muke tsammanin ashirin. Mun gode Allah.

Yaya, na zaɓi in rubuto miki ne domin in a waya ce ba zan iya kai ƙarshen maganar ba. Kin san tun watan Afrilu, a matsayina na katikis, nake koya wa matasa goma sha tara, har da 'yata Sabuwa, ina shirya su domin Ƙarfafawa, wato bikin tabbatar da su cikin bangaskiya, idan Bishop ya zo a Nuwamba. Da kogi ya cika a Satumba, hanyar Kende ta yanke, cocinmu ya koma masaukin waɗanda gidajensu suka rushe, Kirista da Musulmi duka. Makonni biyar ba mu yi aji ba. Huɗu daga cikin yaran iyayensu sun ƙetara da su wurin dangi a Jamhuriyar Benin, har yau ba su dawo ba. Maƙwabcinmu Malam Haliru ya ga yadda na damu, ya ce ga zaurensa, in tara su bayan la'asar. Sai na aika wa na bakin kogi cewa su riƙa zuwa ta kwalekwale, lokaci na ƙurewa. Ni na aika, Yaya, babu wanda ya sa ni. Ranar Asabar ta biyu kwalekwalen ya kife. An ceto biyar, amma Tabita, 'yar Ayuba masunci, ƙawar Sabuwa tun suna rarrafe, sai washegari aka same ta.

Ayuba bai ce mini komai ba sai cewa kwananta ne ya ƙare. Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Na ci gaba da ajin, amma yanzu ni nake bin su gida gida a kan babur. Makon jiya Fada, limamin cocinmu, ya zo ya gwada su. Sabuwa ta amsa komai, baye-bayen Ruhu Mai Tsarki guda bakwai ta jero su ba tuntuɓe. Da ya tambaye ta ko da zuciya ɗaya take so, sai ta ce a'a. Ta ce tun ranar nan in ta durƙusa addu'a bakinta ne kawai ke motsi, kuma ba za ta tsaya gaban Bishop ta yi ƙarya ba. Ina tsaye a wurin, ba ta dube ni ba ko sau ɗaya.

Na so in matsa mata, don kunyar a ce 'yar katikis ce ta ƙi. Fada ya ja ni gefe ya ce wannan ba jarrabawar makaranta ba ce, in bar yarinya ta yi kukanta. Da hannuna na ja layi a kan sunanta. Goma sha uku ne za su karɓa bana.

Na san ke Sabuwa ta zaɓa ki tsaya mata a gaban Bishop, har kin ɗinka farar riga. Ki ninke ta ki ajiye. Amma ina roƙonki kada ki fasa zuwa. Ba ta magana da ni sai gaisuwa, kuma ba na ganin laifinta. Wataƙila ke za ta gaya wa abin da ba za ta iya gaya wa uban da ya aika a shigo kwalekwale ba.

Ki gaida maigidanki Irmiya, da Goggo Lami, da Keziya da ƙannenta. Mama da Rahila suna gaishe ku. Na tambayi Sabuwa ko tana da saƙo, ta ce in ce miki ki zo.

Ni ne ƙanenki,
Bunyaminu