Na manta ma'anar ZURMI, ana zargin mamaci saboda ni

Salamu alaikum jama'ar wannan zaure, admin don girman Allah ka sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, na san yawancinku ba 'yan kwamfuta ba ne, zan faɗi abin yadda kowa zai gane.

Ni mutumin Shinkafi ne, ina koyarwa a wata 'yar cibiyar koyon kwamfuta a Kaura Namoda. Wanda ya kafa ta shi ya koya mini komai, bari in kira shi Malam kawai. Lokacin da aka ba mu jiha ofisoshi suka sami sababbin kaya, Malam ya bi ya tattaro tsofaffin kwamfutocin da aka jibge, waɗanda manhajar zamani ba ta hawa kansu, ya ce shi zai rubuta ƙaramar manhajar da za ta tuƙa su. Aka yi ta masa dariya, ya kuwa rubuta. Da aka ƙaddamar da shari'a aka rufe gidajen kallo, samari suka rasa wurin zuwa sai ajinmu ya cika, har da 'yan mata a ajin safe, duk a kan manhajar Malam suke koyo.

Inda matsalar take shi ne sashen da ke raba memori, wato wurin da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai. Memorin kwamfuta yanka shi ake yi shafi-shafi, kowane shafi yana da 'yan tutoci, kowace ko a ɗage take ko a sauke, su ke gaya wa injin ko ana amfani da shafin, ko an canza abin da ke ciki, ko kada a taɓa shi. A cikin kod ɗin, wato rubutun manhajar, tutocin lambobi ne zalla, ɗaya, biyu, huɗu, takwas, shi ya sa ake ba su suna don mai karatu ya gane. To Malam mutum ne mai barkwanci, sai ya raɗa musu sunayen garuruwan yankinmu. MORIKI shafin da ake ta hada-hada a kansa kamar ranar kasuwa, JANGERU wanda za a tsallakar zuwa diski, wato babbar ma'ajiyar injin, KATURU wanda ba a taɓawa, don can mahaifiyarsa take. In kana karanta layin sai ka ga a haɗa MORIKI da ZURMI a cire KATURU, kamar ɗan kamasho yana kiran fasinja a tasha.

Akwai abokiyar aikina da ke koyar da ajin mata, in ce mata Malama Asabe. Ita ta fara cewa wannan rubutu ba ya karantuwa, ranar da Malam ba ya nan wa zai gyara. Malam bai yi musu ba, ya ce ta yi gaskiya. Ya zaunar da ni ya faɗa mini ma'anar tutocin nan takwas ɗaya bayan ɗaya, ya ce in canza musu suna zuwa wanda kowa zai fahimta, in rubuta bayani a gefen kowace. Ban rubuta ba, kuma ba mantuwa ba ce. Malama Asabe ta fi ni kai nesa ba kusa ba, wannan ne kaɗai abin da na sani ita ba ta sani ba, sai na riƙe shi a kaina, kullum in ce gobe.

Ana haka Malam ya kwanta ciwo aka mai da shi gida Katuru. Na je duba shi, da ƙyar yake magana, ya riƙe hannuna ya ce, "Ka rubuta abin ga da munka yi magana?" Na ce na rubuta Malam. Ya ce madalla, Allah shi yi maka albarka. Bayan 'yan kwanaki ya rasu. Da ni aka yi masa salla, da ni aka kai shi, ko ɗigon hawaye ban yi ba, har yau kuma ban ji komai ba. Ina cin abinci, ina shiga aji, ina amsa gaisuwa, amma kamar wani ne yake yi ba ni ba.

Yanzu kwamfutocin sun fara cinye aikin ɗalibai, mutum ya gama buga rubutunsa sai ya tarar da shi a hargitse. Malama Asabe ta bi diddigi ta ce daga tutar ZURMI ne, ta tambaye ni me take nufi. Wallahi guda bakwai ɗin suna kaina, ZURMI ce kawai ta fice fit. Maimakon in ce ban sani ba sai na ce shafin da aka kulle ne. Ta yi mako biyu tana gyara a kan maganata, abin ya ƙara lalacewa, ga jarrabawar ƙarshe ta ƙarato. Mun yi sa-in-sa, ta ce ko dai ni ban gane ba ko Malam bai gaya mini daidai ba, na bar ta a kan na biyun.

Daga nan magana ta fita. Ɗalibai suna cewa Malam ya tafi da iliminsa kabari, ya yi rowa, har wani ya ce ai an san hukuncin mai ɓoye ilimi a lahira. Da in an ambace shi sai a ce Allah ya jiƙansa, yanzu sai a yi shiru. Maganar ta kai Katuru, yayansa dattijo ya hau mota ya zo ya same ni, ya ce ni ne na fi kusa da shi, in gaya masa tsakani da Allah ko ƙanensa ya hana mu ilimi, don tsohuwarsu ta ji kuma ta daina cin abinci. Na ce masa sai na yi bincike. Ya ce zai dawo ranar Juma'a.

In na faɗi gaskiya ma'anar ZURMI ba za ta dawo ba, aikina zai tafi, kuma a Kaura ban san inda zan sa fuskata ba. In na yi shiru mutumin da ya ba ni duk abin da ya sani zai ci gaba da ɗaukar laifina a cikin kabarinsa. Wanda ya kamata in nemi gafararsa ya riga ya tafi, kuma abu na ƙarshe da ya yi mini shi ne sa albarka a kan ƙarya.

Jama'a, ranar Juma'a me zan ce wa dattijon nan?